Zari-Ruga a Garwa

Hamajoda ne ya ba ni tikitin,
matarsa ta haihu daren jiya.
Na shiga filin ba ni da kowa,
ba ja, ba shuɗi,
sai gyaɗar sefa ɗari a aljihu.

Ƙwallon kamar gwanda, ba ya gangara daidai.
Mutum gaba ya nufa,
amma baya yake miƙa wa ɗan'uwansa.
Haka babanmu ya rene mu.

Wani ƙato mai lamba takwas
ya rungumo siriri, suka zube,
ƙasa ta amsa har ƙarƙashin bencina.
Na tafa.
Jajaye suka harare ni.
Can siririn ya sulale,
ya kife da ƙwallon bayan layi,
na sake tafawa.
Yanzu shuɗɗa ke hararata.

Tsohuwa mai folere ta ce,
“Kai na wa ne, ɗan nan?”
Na ce, na wanda ya faɗi ya tashi.
Ta ce, “Ashe duka naka ne. Sha ka biya.”

Da aka hura tashi,
masu murna suka rungumi juna,
masu baƙin ciki ma haka.
Na hau babur, zuciya sakayau,
har gadar Binuwai
ina neman wanda zan ba labari.