Littafin Bashin Mai Shayi

Teburina na ƙarƙashin gada, bakin kasuwar Mil Tuwal,
inda tirelolin tumatir ke sauke numfashi kafin asuba.
Shekara sha ɗaya ke nan ina dama madara a Ikko.
Bokona bai yi nisa ba, amma na iya rubuta bashi,
bashi kuwa, in ka iya karanta shi, tarihin mutum ne.

Shafi na bakwai: Sabitu na Ɗanja.
Shayi da madara, rabin burodi, ƙwai biyu.
Ran Juma'a yake biya, har ya bar mini canji.
Kwando sittin yake saukewa kafin rana ta buɗe ido,
gammo a ka, tsokana a baki,
yana tara kuɗin kwanon rufin ɗakin innarsa.

Sai damina ta zo irin ta Ikko, mara sallama.
Katako ya yi santsi.
Kwando ya yi gabas, Sabitu ya yi yamma,
wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa.
Asibiti suka ce kati, suka ce hoto, suka ce hutun wata biyu.
Hutu?
Ɗan dako in ya kwanta yau,
gobe gammonsa na kan wani.

Mai kemis ya ba shi ƙwaya ɗaya, ya miƙe.
Bayan mako, biyu.
Bayan wata, ciwon ya daina jin maganar ƙwaya.

Ba baƙo ne ya kawo masa ba, ku daina cewa baƙo.
Talle ne, ɗan layinsu, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya.
A kan wannan bencin ya kunna taba ya miƙa masa:
"Ja sau biyu, bayanka zai koma na jariri."
Bai faɗi abin da ke cikinta ba.
Wataƙila shi ma bai san sunanta na yanka ba,
wasu na cewa gbana, wasu gari, wasu magani kawai.
Kuma wallahi da tausayi ya miƙa,
abin da ke hana ni barci ke nan.

Sabitu ya yi amai a kwata bayan tukunyata,
ya goge baki, ya jingina da ginshiƙin gada,
ya yi barcin da ya yi kwana arba'in yana nema.
Motoci na wucewa ta kansa, bai motsa ba.
Wannan barcin ne ya saye shi.
Na farko kyauta ne. Ƙugiya ma ba ta karɓar kuɗin tana.

Shafi na sha tara: baƙin shayi, sukari cokali biyar.
Babu burodi.
Yana hamma, hanci na zuba, ido na ruwa ba kuka ba,
sanye da rigar sanyi a zafin da ke narka kwalta.
Yanzu ba don baya yake nema ba,
don ya iya tsayuwa kamar kowa ne.

Waya ta tafi. Takalmin Sallah ya tafi.
Kwanon rufi ya tafi tun ba a saya ba.
Innarsa kan kira lambata,
in ce mata sabis ne, Inna, sabis ɗin Legas.
Cokulana guda uku sun ɓata, ban tambaya ba.

Dubu huɗu da ɗari uku nake bin sa.
Ban soke ba.
In na ja layi a kan sunan nan, ji nake kamar na tura masa ƙasa.

Jiya wani sabon yaro ya zauna, dafe da ƙugu,
bai fi wata guda da sauka daga mota ba.
Na ga Sabitu ya matsa kusa da shi a hankali,
murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai tausayi.

Na ajiye buta, ruwa na tafasa.
Na ce, yaro, zo nan ka riƙe mini kofi.
Mene ne sunanka?