Mai Facin Numfashi

Ni mai faci ne a Ƙofar Guga,
tayar keke na sani, da famfo, da sholisho.
Shekarar da aka buga gangar ɗaukar soja
Saje Barmo ya tsaya a bakin rumfata,
ya ce: kai ne mai gano hujin da ido ba ya gani?
Ɗauko kwanon ruwanka, biyo ni.

A bayan ganuwa suka kafa tantuna.
Akwati tara, aka ɓalle ƙusa,
sai ga fuskoki kwance a kan juna:
ido biyu na gilashi, haɓa ta roba,
da dogon maƙogwaro mai gaɓa-gaɓa
da ya sauka cikin gwangwanin gawayi.
Kurata suka bushe da dariya,
wani ya ce, yau kuma farautar burtu za mu?
Sunan ya zauna. Burtu.

Saje bai dara ba.
Ya ce akwai iskar da ake saki a fagen fama,
ba ta sallama, ba ta da sawu,
warinta kamar tafarnuwa,
wanda ya shaƙa, ƙirjinsa ya cika kamar tulu.

Sai na zauna. Kowace safiya hamsin.
In toshe bututu da tafi, in ja numfashi:
in roba ta manne wa kumatu, ya tsira,
in iska ta sato hanya ta gefen kunne, a ware shi.
Bututun kuwa in nutsa a kwano, in hura,
in zuba ido ko kumfa za ta tona asiri.
Rana na cin roba yadda gara ke cin azara,
don haka in shafe su da hoda, in kwantar a inuwa.
Gilashi da tsumma, bawul da gashin zabo.

Sallau ya ƙi aske gemu,
shekara goma sha biyu yana tattalinsa.
Aka sa masa burtu, aka ja ƙyauren ɗakin gwaji,
aka watsa barkono a garwashi.
Ya fito da tari, hawaye har wuyan riga.
Da azahar na gan shi a gaban wanzami,
bai ce da kowa uffan ba.

Ran Talata sunan ƙanena ya fito a takarda.
Mantau, autan Inna, mai tsoron tsawa.
Ɗari da bakwai aka rubuta masa.
Na nutsa bututun. Kumfa ɗaya. Sannan wata.
Ga ɗari da takwas a gefena, lafiya lau,
lambar kuma alli ce, yawu ma ya ishe ta.
Har na kai yatsa baki.
Sai na tuna mai ɗari da takwas,
wani yaro daga Mani, mai wushirya,
jiya-jiya ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.

Na kunna aci-balbal.
Faci uku na yi, na ɓare biyu.
Da assalatu kwano ya yi tsit.
Na ɗaura a fuskata, na shiga ɗakin barkono,
na ƙirga ɗari uku, na fito ido a bushe.

Da suka hau mota ban iya dogon zance ba.
Na ce: kada ka bar shi a rana.

Bayan damina uku akwatunan suka dawo.
Iskar, in ji su, ba ta zo ba ko sau ɗaya.
Zazzaɓin kurmi ne ya ɗauke Mantau
a wani gari da harshena ya kasa faɗa.
Ɗari da bakwai na cikin jakarsa,
da sauran hoda a ninkin roba.
Bai bar shi a rana ba.

Na dubi Saje, ya kau da kai
kamar bai ga inda hannuna ya nufa ba.
Yau yana rataye a rumfa, bayan tayoyi.
Wani yammacin, in ciniki ya lafa,
in sauke shi, in nutsa bututun a kwano, in hura.
Facin na nan daram.
Ko kumfa ɗaya.