Takardar Neman Tallafi

Ƙarfe biyun dare a Birnin Kebbi,
an ɗauke wuta, fitilar waya ce a kan takarda.
Fom ya ce a bayyana matsalar a taƙaice.
Na rubuta Arzika. Na goge.
Ba a ba da kuɗi don sunan wan mutum.

Shi ne mai saɓa buhun shanshera
daga fadamar Bunza har bakin titi, bai sauke ba.
Zazzaɓi ya zo da damina, ya tafi da kaka,
ya bar masa baƙon da ba shi da suna.
Yau in ya taka zuwa masallaci
sai ya biya bashin da kwana uku a tabarma.

Mun auna komai. Jini ya cika, ba sikari,
ƙoda lafiya, zuciya kamar ta saurayi.
Inna ta ce jifa ne. Surukinsa ya ce lalaci.
Ni da na ƙare karatun likita
na ce masa ya daure, ya riƙa motsa jiki.
Maganar nan har yau tana cizona.

Shi ya koya mini, yana kwance, ido a rufe:
"Kin tuna gonar Baba ta tudu?
Gulbi cike, inji yana kuka,
amma ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba.
Haka kaina yake in na miƙe."

Abin da nake roƙo ke nan a shafi na huɗu:
na'ura guda mai ganin gudun jini a jijiyar wuya,
gado mai karkata, batir da sola,
kuɗin motar mutum arba'in
waɗanda bin layin asibiti ma ya fi ƙarfinsu.
Ban ce zan warkar da kowa ba.
Awo nake so, ko ya gaskata shi ko ya ƙaryata ni.

Bara sun amsa da layi biyu:
cutar ba ta kisa, a sake gwadawa baɗi.
Gaskiyarsu, ba ta kisa.
Gonarsa dai tana hannun jingina,
'yarsa Kulu ta daina tambayar yaushe.

Ladan ya fara gyaran murya.
Na sake haɗa lissafin,
duka bai kai kuɗin jif guda ba.
Na sa hannu.
Ran Juma'a zan je Bunza da lemo a leda,
zai tambaye ni da ido,
in ce masa an aika.