Lanƙwasar Sunana

A Ƙaura layin dogo ya tsaya,
ya ce iyakata ke nan.
Mu kuwa a bayan tasha muke,
shagon Rufa'i mai gyaran waya,
inda sola ke riƙe da fitila ɗaya da kwamfuta uku
in hadari bai yi mana rowar rana ba.

Aikin ba na kowa ba ne, shi ya sa ya zama namu.
Wasu can nesa sun ɗaura tsaiko,
irin wanda magina manhaja ke baibaye ɗakunansu a kai,
suka ce ga shi nan kyauta.
Amma tsaiko ba ya hawa ɗaki da ƙafarsa.
Sai an warware shi kara-kara,
an ɗaure ƙunshi-ƙunshi,
an zuba a rumbun babbar manhajar nan marar kwado,
yadda yaro a Shinkafi zai buga layi ɗaya tak
komai ya sauko masa a jere.

Ƙunshi sittin da huɗu.
Shafa'atu ta zana su a bayan kalandar bara,
ta ja kibiya daga kowanne zuwa wanda yake jira.
Wannan ba ya tashi sai wancan ya karya kumallo,
wancan kuma kawunsa yake sauraro.
Rufa'i ya ce, ko rabon gado albarka.

Mainasara na Gusau, sai ya rufe kemis yake namu.
Akwai wata a ƙasar da gari ke wayewa in mun idar da isha'i;
ba mu san fuskarta ba,
mun dai san ba ta yafe waƙafi.

Ni na ɗauki na arba'in da ɗaya,
don na ga ɗan ƙarami ne.

Kwana tara yana rushewa a hannuna.
In ɗora, in jira, in sha shayi,
jan rubutu ya cika allo.
Ƙunshi goma sha bakwai suka yi layi a bayana
kamar jarkoki a bakin burtsatse,
ba mai zagina, abin da ya fi ciwo ke nan.
Data ta ƙare, na ci bashin kati.
Inna ta leƙo ɗaki da tsakar dare:
"Wai mi kaka samu ciki?"
Na ce, abin da mai dasa tsamiya ke samu.
Ta ce, "To ka ci tuwo tukuna."

Ran na goma Shafa'atu ta jawo kujera,
ta bi kuskuren da yatsa tun daga tushe,
sai ta kwashe da dariya har gyale ya zame.
Ba ƙunshin ba ne.
Ni ne.
Layin da mai ɗauri ke sa hannu,
Ɗalhatu,
nan na'urar duba aiki ke tuntuɓe.
Ba ta taɓa ganin harafi mai lanƙwasa a ka ba,
sai ta ɗauka datti ne.

Rufa'i ya ce, goge ƙugiyar mu wuce, minti ɗaya ne.
Na ɗora yatsa a maɓalli.
An sha miƙe min ita a banki,
a katin zaɓe, a takardar makaranta,
ban taɓa cewa uffan ba.
Shafa'atu ta ce, "In ka goge,
Ɗanladi ma zai goge, haka Ɓaidu, haka duk ɗan Ƙaura."

Muka ƙara kwana biyu.
Layi shida muka gyara a cikin na'urar kanta,
muka tura, sabis na rarrafe.
Da asuba amsar matar nan ta iso:
ta karɓa, ta gode,
ta kuma nuna waƙafi ɗaya da na manta.

Allo ya yi kore.
Jarkoki suka fara matsawa.

Saura ashirin da uku.
Rufa'i na goge ƙasa daga fuskar sola,
ni kuma na je biyan mai kati.