Kashi Takwas na Valdemar

Afrilu ya kama a Amarante,
kogi ya cika ya yi ruwan ƙasa.
Na zazzage kwalin takalmi a kan tebur,
rasiɗan shekara guda suka watse,
wasu sun koɗe, wasu da tabon man zaitun.

Gidan yana can Porto, hawa na huɗu,
matakala sittin da bakwai, Acácio ne ya ƙirga.
Shekara talatin yana hawansu duk ƙarshen wata,
sifana a aljihu, littafin haya a hammata,
har ranar da zuciyarsa ta ce a kai kasuwa.
Ni gwiwata ba ta kai ni ko coci sai da sanda,
shi ya sa na miƙa makullai ga Valdemar,
mai ƙaramin ofis kusa da tashar jirgi
da rigar sanyi guda, rani da damina.

Yuro ɗari bakwai ake biya,
hamsin da shida nasa, saura nawa.
Da fari abin yana ci mini rai,
kamar ɓera ne ke gutsurar burodina cikin dare.

Graciete, 'yar ƙanwata, akanta ce.
Ta zo da kwamfuta, ta gyara zaman tabarau,
ta ce, Inna Ermelinda, kawo na Valdemar.
Wannan kuɗi ba riba ba ne a wurinki,
hanya ce kika biya don haya ta iso,
hukuma ba ta cin haraji a kan hanya.
Ɗari shida da saba'in da biyu,
sai a zare su tukuna, a yanka daga abin da ya rage.
Sharaɗi ɗaya: takarda,
da lambarki a jiki, da tasa, da kwanan wata.

Na ce, labulen da na saya fa?
Ta ce, a'a, wannan ado ne.
Firji fa? Ta girgiza kai.
Mai gyaran famfo? Wannan ya shiga.
Rasiɗin watan Agusta ya ɓata,
muka kwashe rabin sa'a muna nema,
ashe yana cikin littafin addu'a
inda na sa shi alamar shafi.

Sai na ce, to, daren Janairu fa?
Daren da tsoho Belmiro, ɗan hayata,
ya faɗi a banɗaki ƙarfe biyu,
ba ɗa, ba jika, lamba ɗaya ce a wayarsa.
Valdemar ya hau sittin da bakwai ɗin nan da silifas,
ya riƙe masa hannu har motar asibiti ta zo,
kwana tara yana kai masa romo a kwano.
An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski,
amma wannan ya wuce aski.
A wane layi za mu rubuta shi?

Graciete ta dubi allo, ta dube ni.
Ta ce, Inna, babu gurbinsa.

Na ce, Acácio fa, da shekarunsa talatin?
Ta ce, mai gida ba ya biyan kansa lada,
guminsa ba ya zama rasiɗi.
Na yi shiru. Agogon bango ya buga biyar.
Ashe duk hawan nan da saukan nan
a idon hukuma ko ƙofa bai fita ba.

Ta danna, takarda ta tafi Lisbon.
Na mayar da rasiɗai cikin kwali,
na ɗaure shi da igiyar takalminsa.

Gobe motar safe za ta Porto.
Na naɗe cuku ɗaya da kwalbar zuma,
na rubuta Valdemar a jikin takarda.
Direba ya ce ko in karɓi rasiɗi.
Na ce bar shi, ɗana,
wannan ba na cirewa ba ne.