Awon Mai Awo

Shekara ashirin da uku ina awo a Kasuwar Dole,
gero, dawa, wake, tiya bisa tiya.
Hannuna ya san tozon awo ko ido a rufe.
Ni kaɗai ne ban taɓa shiga tiyar ba.

Jiya yaron kantin magani ya kawo sabuwar kalanda.
Na cire tsohuwar, ƙusa ta biyo ta
har da ɓarɓashin bango.
Na ce, to Ma'azu, yau kai ne hatsin.

Na fara da jiki, tunda shi ne jakin.
Ubaida ta likita ta ɗaure mini dantse,
ta matsa, ta dubi allurar, ta dube ni.
"Sha bakwai, Baba."
Na ce ai sha bakwai farashi ne mai kyau.
Ba ta yi dariya ba.
Gishiri, in ji ta, da magi,
da shayin nan da kuke sha har zagaye uku a rumfar Kanta,
sukari kamar ba da kuɗi ake saye ba.

Barci, na auna, bai kai rabin tiya ba.
Famfon unguwarmu ba ya magana sai ƙarfe biyun dare.
In tashi in jera bido,
in sun cika kuma, maimakon shimfiɗa,
sai salula ta riƙe ni
ina kallon rigimar mutanen da ban sani ba
har ladan ya gyara murya.

Aljihu kuwa,
jikka arba'in na Alhaji Nomau a wuyana,
jikka sittin nawa a wuyan mutane,
kuma duk wanda nake bi bashi ya fi ni ƙiba.

Sai na iso ga buhun da ke ƙurya,
wanda ban kwance ba damina biyu.
Laminu, ƙanena.
Katanga ce, taku huɗu, a gidan tsohonmu na Birni,
a kanta muka bar gaisawa.
Ranar sunan ɗansa goro na aika, ban je ba.
Goron ya dawo.
Wannan buhu ƙwari sun shige shi,
ina jin cinsu cikin dare
ina cewa ƙwannafi ne, ina neman kanwa.

Ba zan cika wa shekara baki ba.
Bara na rantse na bar goro, kwana shida na yi.
Bana kaɗan zan ɗiba,
abin da tafin hannu ke riƙewa bai zube ba:
shayi zagaye ɗaya, na tsakiya.
Mai kabu-kabu ya yi haƙuri da dalolina,
daga Zango zuwa rumfa da ƙafa zan je,
ta gefen duwatsun nan
da suka riga kakana zama kuma ba su taɓa gaggawa ba.
Salula ta kwana a aljihu, riga a ƙusa.
Habsu ta ce in ta rage gishiri kada in yi mata fuska.
Na ce to.
Ta ce a kira shaidu.

Da la'asar na auna gero tiya biyu,
na yi masa tozon da ban yi wa kowa,
na bi lungunan Birni, gwiwa tana ƙorafi.
Ashe katangar ma ruwan bara ya ci gefenta,
ta nan awaki ke shiga, ba ruwansu da gado.

Na yi sallama.
Ciki aka yi tsit,
sannan na ji jan takalmi, irin na tsohonmu sak.
Ban shirya abin da zan ce ba.
Na dai sauya wa geron hannu,
don na dama ya zama babu komai a ciki.