Abin da Ke Ƙarƙashi

Kwana uku muna gidan nan na Mabera,
kwalayen tayil na jingine a zaure,
ko ɗaya ba mu ɓare ba.
Mai gida ya leƙo, ya dubi agogo, ya ja tsaki.
Baba Jelani bai ɗago ba.

Yana durƙushe kan tsohon buhun siminti,
yana ƙwanƙwasa daɓe da ƙotar guduma
kamar tsohuwa mai zaɓen tulu.
Nan ya ce ƙwas. Can ma ƙwas.
Dab da ƙofar banɗaki sai ya amsa da muryar ganga.
"Ka jiya, Hali? Daɓen ga na ƙarya.
Sama lahiya, ciki kogo."
Ya kewaye wurin da gawayi.

Na ɗauko kurfi zan sara, ya cafke hannuna.
"Ina tabarau?"
Na ce, Baba, zafin garin nan,
gumi ke rufe mini gilashin.
Bai yi faɗa ba.
Ya juyo ya buɗe mini idonsa na hagu,
fari fat, kamar nonon da aka tsinka da ruwa.
"Arkilla, shekara ashirin da ɗaya.
Abin bai kai ƙwarar gero ba.
Ni ma rannan zahi nika ji."

Na saka tabarau.
Na ɗaura takunkumi har ina jin numfashina,
na zura safar hannu,
don siminti ba ya cizo, lasa yake yi,
sai dare tafi ya tsage, alwala ta zama hukunci.

Kafin ruwa ya taɓa ƙasa ya aike ni in kashe wuta,
ya bi bayana ya duba da kansa.
Wayar injin yanka, mai tabon salatif uku,
ya rataye ta a ƙusa, can sama.
"Ruwa da wuta ba su gaisawa a hannuna."

Sai kankara: ɗigon fenti, busasshen kwaɓi,
man inji da wani ya zubar ya yi shiru.
Yayyafi, shara, yayyafi, shara,
har tsintsiya ta gaji da ni.
Muka tankaɗe yashin Rima, muka cike kogon.
Muka ɗura ruwa a siririn tiyo,
shi a wannan kusurwa, ni a waccan,
ruwan ya tsaya inda gaskiya take,
muka ja zare.
A banɗaki ya sunkuyar da zaren kaɗan,
faɗin yatsa, zuwa bakin rariya.
"Akwai tsohuwa gidan ga, na ga sandarta.
Kada ruwa shi kwana inda za ta taka."

Daga nan sai jira.
Jira ma aiki ne, in ji shi, ba dai a biyansa.

Ran Alhamis za mu shimfiɗa.
Baƙi za su cire takalma su ce masha Allahu,
su ga fuskarsu a ƙasa, su tambayi kuɗin kwali.
Ba mai tambayar kogon da muka cike,
ko faɗin yatsan nan.

Na wanke cokali, na rataye tabarau a wuya.
Baba na bakin ƙofa, ya karkata kai,
yana auna ɗakin da idonsa guda.